Waƙar da Ta Fi Gonar Yahuza Girma

Malam Zayyad ba ya son misalin littafi. Ya daɗe yana koyar da adabin Hausa a wata sakandare a Ikara, kuma ƙorafinsa kullum ɗaya ne: yara suna haddace kamance da siffantawa da kambamawa kamar sunayen magani, in an tambaye su ma'ana su zubo ta tiryan-tiryan, in an ce su kawo misali sai su yi tsuru-tsuru. A ganinsa laifin littafin ne, da yake cike da waƙoƙin mutanen da suka rasu tun kafin a haifi iyayen yaran. Don haka duk inda ya shiga kunnensa a buɗe yake, wayarsa kuma a hannu. Mutumin kirki ne, wannan ba a hana shi, sai dai in dabara ta zo masa ba ya tsayawa ya leƙa bayanta.

Da damina ta yi tsaka, yayansa Yahuza ya kira gayyar huɗa a gonarsa ta Gazara. A faɗi gaskiya, Yahuza ba attajiri ba ne. Yana da gonar dawa da suka gada, da 'yar fadama ta rake, da shanu da ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, suna wajen wani dattijon Bafillace mai suna Bobbo. Rufin asiri dai. Amma Allah ya yi shi da son a ce, irin mutumin da zai kwana da yunwa in dai za a ga babbar rigarsa da safe. Saboda haka bai tsaya ga tuwo da fura ba, sai da ya aika Kudan aka ɗauko Iliyasu makaɗin noma da yaransa.

Zayyad, da yake hannunsa ya manta garma tun zamanin kwaleji, sai ya samu inuwar ɗorawa ya riƙe waya. Iliyasu ya saɓa ganga yana bin manoma kunya-kunya, da ya zo kan mai gona sai ya buɗe murya:

Yahuza na Gazara, bajimin fadama,
Rakenka ya tashi nan sai Kudan,
Tsuntsun da ya bi shi da hantsi
Ya faɗi bai ga iyaka ba.
Shanunka sun sha rafi ya ƙafe,
Rumbunka ya hana hadari wucewa.

Yaransa suka karɓa da amshi, "Wanda ya tara shi ke rabawa." Manoma suna dariya suna ƙara himma, don kowa ya san fadamar Yahuza, mutum zai tsaya a wannan baki ya yi magana da na wancan ba tare da ya ɗaga murya ba. Mai gona kuwa baki har kunne, yana ta zagaye yana gyara hula. Zayyad ya naɗi waƙar daga farko har ƙarshe, yana murna kamar wanda ya yi tsintuwa.

Ran Litinin ya rubuta baitocin a allo, ya ɗora waya a kan tebur ya kunna.

"Bajimin fadama," in ji shi. "An ce kamar bajimi?"

"A'a, Malam."

"To da an ce kamar, da kamance ke nan. Da aka ɗauko sunan bajimi aka ɗora masa kai tsaye, ya zama siffantawa. Rumbun da ya hana hadari wucewa fa?"

Wata ɗaliba mai suna Samira ta ɗaga hannu. "Wannan ai ƙarya ce, Malam."

Aji ya ɗauki dariya, shi ma ya taya su. "Ƙarya ce wadda mai faɗi da mai ji duk suka san da zamanta, ba wanda aka cuta. Ita ce kambamawa, littafinku ya ce kambamar zulaƙe. Mai rumbun nan na san shi, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Akuya in ta miƙe tsaye tana leƙa cikinsa."

Bai taɓa yin darasin da ya shiga kan yara kamar wannan ba. Da aka tashi, masu waya a gida suka roƙa ya tura musu, ya tura. Ya sa a zauren malamai na waya, suka yaba. Daga nan waƙar ta fita hannunsa. Masu cajin waya suka zuba ta a kati suna tura wa mutane tare da sauran waƙoƙi, 'yan acaɓa suka ɗauka, masu shayi suka ɗauka. Kafin dawa ta fid da kai, ana jin bajimin fadama a tashar Ikara, ana jin sa a Paki da Malikanchi, wuraren da ba wanda ya taɓa ganin fadamar balle ya auna ta.

Kaka ta fara shigowa lokacin da Bobbo ya zo. Wata Asabar ce, Zayyad ya zo gida hutun ƙarshen mako, yana zaune a zaure da yamma yana duba takardun gwaji. Dattijon ya jingine sandarsa, suka gaisa, aka tambayi shanu da mutanen ruga da gajiya da sauro, aka sake komowa kan shanu. Sai da gaisuwa ta ƙare tsaf sannan ya leƙa cikin gida, ya matso.

"Malam, wurinka na zo. Yayanka ba ya jin magana sai ta yabo."

"Lafiya dai, Baffa?"

"Waɗansu mutane sun zo ruga a kan babur. Suka ce ruwa, aka ba su. Suka ce nono, aka ba su. Sai ɗayansu ya ciro waya ya sa waƙar nan, ya ce in nuna masa shanun da suka shanye rafi."

"Sai ka ce me?"

"Na nuna masa na Yahuza. Ya dube su, ya dube ni, ya yi murmushi, ya ce dattijo ka iya ɓoyo, ina aka kai sauran? Ba mutanen nan ba ne, Malam. Kuma na ji sun tsaya wajen masu dafa mazarƙwaila, suna tambaya ta wace hanya yake komowa ranar kasuwar Makarfi."

Bobbo bai ce ko su wane ne ba, Zayyad kuma bai tambaya ba. A ƙasar nan yanzu an daina kiran sunansu, sai dai a ce mutanen daji, a rage murya. Suna ɗauke mutum ne su sa masa farashi daidai da abin da suka ji yana da shi, kuma wanda danginsa suka kasa, ba kasafai ake sake ganinsa ba. Zayyad ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba, ya kuma ji kunya, don ya san da hannunsa ya buɗe wa waƙar ƙofa.

Ya iske Yahuza a bayan gida yana wasa adda, yana shirin saran rake. Ya tsuguna ya gaya masa kome. Yahuza ya gwada kaifin addar da babban yatsa, fuskarsa har wani haske take yi.

"Wato har daji an san ni."

"Yaya, ba abin dariya ba ne. Ka tafi Zariya wajen Gwaggo ka ɗan kwana biyu, har abin ya lafa."

"Raken kuma kai za ka sare mini da alli?"

Ba yadda bai yi ba, Yahuza ya ƙi. Zayyad ya je wajen mai unguwa, mai unguwa ya haɗa shi da 'yan sintiri, suka ce za su sa ido. Ya dubi bindigogin tokarsu da tsofaffin tocilansu, ya yi godiya ya taso, zuciyarsa ba ta kwanta ba. A mako mai bi ya kasa koyar da kome sosai. Duk babur ɗin da ya wuce bayan tagar aji sai ya bi shi da kunne.

Darasin da ke gaba a manhaja shi ne zambo da habaici. Yana cikin rubuta wa yara cewa zambo kishiyar yabo ne, makaɗi ya kama mutum ya ƙasƙanta shi har ya zama abin dariya, sai allin ya tsaya a hannunsa. In waƙa ta ɗaga Yahuza har mutanen daji suka hango shi, waƙa tana iya sauke shi har su daina ganinsa. Dabarar ta yi masa kyau ƙwarai, har ya yi mamakin yadda bai hango ta tun farko ba.

Ya kai wa Yahuza ita ran Asabar. Yahuza ya saurara har ƙarshe.

"Wato in biya makaɗi ya zage ni."

"Ni zan biya, Yaya."

"Zayyadu, tashi ka ba ni wuri tun muna shaida juna."

Ya tashi. Amma washegari, maimakon ya kama hanyar Ikara, sai ya karkata babur ɗinsa zuwa Kudan.

Ya samu Iliyasu a ƙofar gida yana ɗaure wa ganga sabuwar fata. Da ya ji abin da ke tafe da shi, makaɗin ya ajiye tsirkiya ya girgiza kai.

"Allah gafarta Malam, mutumin da na ci tuwonsa? A sana'armu ba a yi wa ubangida zambo sai in ya hana. Yahuza bai taɓa hana ni ba."

Zayyad ya ba shi labarin baƙin ruga. Iliyasu ya dubi hanya. Muryarsa ce a cikin wayar nan, kuma in wani abu ya faru ba ya son a ce bakinsa ne sanadi.

"To in yi habaici," in ji shi. "In ce wani mai gona kamar faifai, ba suna, ba gari. Wanda ya tsargu shi ya sani."

"Habaici na 'yan gari ne, Sarkin Kiɗa, su ke gane wanda ake nufi. Waɗannan baƙi ne. In ba su ji suna ba, aikin banza muka yi."

"Ko na kama suna, zambo ba ya kama jiki sai da gaskiya a cikinsa. In na ce matsiyaci ne kawai, za a ce an hana ni goro ne. Ni kuwa ban san asirinsa ba."

Nan ne ya kamata Zayyad ya yi sallama ya hau babur ɗinsa. Bai hau ba. Ya gaya wa kansa cewa rai ya fi kunya, sannan ya rage murya ya buɗe cikin gidansu. Ya faɗi cewa babbar rigar da Yahuza ke taƙama da ita ta marigayi ubansu ce, aka rage mata tsawo. Ya faɗi cewa shekarar da taki ya yi tsada, Yahuza ya sayar da gadon kwanan matarsa Ummuhani ya sayi buhuna, har yau bai mayar mata ba. Yana faɗa yana jin ɗacin abin a bakinsa, Iliyasu kuwa yana gyaɗa kai, yatsunsa sun riga sun fara taɓa ganga.

Ba a daɗe ba waƙar ta fito:

Yahuza na Gazara, ashe ganga ce,
Ƙara a waje, ciki ba kome.
Gonarsa kamar faifai, hula ta rufe ta,
Akuya ta fi rumbunsa tsawo.
Ya sai da gadon matarsa ya sayi taki,
Babbar rigar ma ta mamaci ce.

Amshin kuwa, "Uwargida tana kwana a ƙasa." Zayyad da kansa ya kai ta wajen wani mai caji a Makarfi inda ba a san shi ba. Bai buƙaci ya ƙara yin kome ba. Yabo ya ɗauki rabin damina kafin ya zaga ƙasar, zagi kuwa kafin kasuwa ta zagayo ya riga ya kai ko'ina. Haka mutane suke, kunnen da ke gyangyaɗi in ana yabon mutum, farat yake farkawa in an fara tsiya.

Bobbo ya aiko cewa ba wanda ya sake leƙa ruga. Masu mazarƙwaila ma suka ce ba su ƙara ganin baƙin ba. Zayyad ya samu barci, har ya fara jin cewa ya yi abin kirki.

Abin da bai gani ba, da yake yana Ikara, shi ne yadda Gazara ta koma wa Yahuza. Mata suna daka suna rera amshin. In ya doso majalisa sai hira ta mutu, wani ya kau da kai yana danne dariya. Dillalan rake suka fara taya masa kamar masu taya kayan mabuƙaci. Ya daina sa babbar rigar, ya daina zama a ƙofar gida, tuwo ma sai ya taɓa ya ture. Mutumin da ke cika unguwa da murya ya koma shiga masallaci a sahun baya, yana fita kafin a shafa addu'a.

Da Zayyad ya zo gida, sai ya tarar da kayan Ummuhani a ɗaure a tsakar gida, ita kuma tana zaune a kan turmi, idanunta sun kumbura.

"Malam, ya ce ni na kai maganar gado waje," in ji ta. "Ya ce in tafi gidanmu. Wallahi ko Innata ban gaya wa ba."

Mutum uku ne suka san zancen gadon nan: mai gida, da matarsa, da Zayyad da ya samo mai saye a Ikara don kada 'yan Gazara su sani. Yahuza ya zargi matar da ta kwana a ƙasa saboda shi, amma ko a mafarki bai zargi ƙanensa ba. Wannan ya fi kome yi wa Zayyad ciwo.

Ya shiga ɗakin yayansa ya durƙusa.

"Yaya, ba ita ba ce. Ni ne. Ni na je Kudan, ni na gaya wa Iliyasu, ni na kai waƙar Makarfi. Na yi ne don su rabu da kai, kuma sun rabu da kai."

Ya yi tsammanin mari, ko tsawa. Yahuza ya daɗe yana kallonsa kamar bai san shi ba. Sannan ya ɗaga labule ya ce, "Ummuhani, kwance kayanki, ki yafe mini." Ya komo ya zauna.

"Da su suka ɗauke ni, da an ce sun ɗauki wani," in ji shi a hankali. "Kai kuwa ka mai da ni ba kowa ba ina zaune a ƙofar gidana. Jeka, Malam. Na gode."

Tunda suke bai taɓa kiransa Malam ba sai cikin tsokana. Yau ya kira shi da gaske.

Daga ranar Yahuza ya tashi da wani irin ƙarfi da ya fi zaman shirun ban tsoro. Ya tara masu sara suka kwantar da fadamar gaba ɗaya, har raken da bai gama ƙosawa ba. Ya bi maƙwabtan fadama gida-gida, ya ce shi zai biya kuɗin mota in sun yarda a haɗa nasu da nasa a ayari ɗaya, a ce nasa ne har a isa kasuwa. Wa zai ƙi banza? Ya je ruga ya karɓo shanunsa ya sayar. Ya kai wa tela shadda. Ya aika Kudan, Iliyasu kuma, da yake kunyar tuwon da ya ci tana damunsa, ya amsa da gudu, har da alkawarin zuwa da lasifika.

Bobbo ya zo ya yi magana, Yahuza ya ba shi goro ya raka shi. Ummuhani ta yi kuka, ya ce ta yi haƙuri, gado na zuwa. Zayyad ya ɗauki izini a makaranta ya zo, ya bi shi fadama, ya bi shi gareji.

"Yaya, duk abin da ka ga dama ka yi mini. Amma kada ka yi wannan a kasuwa. Suna zuwa kasuwa."

"Ina kwana, Malam," in ji Yahuza. "Yaya ɗalibai?" Ya wuce.

Ranar kasuwar Makarfi, da hantsi, ayarin ya shigo. Motoci a jere, rake ya yi musu tozo har yana share ƙasa, a gaba kuma Yahuza a kan babur cikin sabuwar shadda mai ƙyalli. Iliyasu da yaransa suna bayan wata a-kori-kura, lasifika tana amsa kuwa. Tsohuwar waƙar ce, amma an ƙara mata baiti, cewa maƙiya sun yi magana, yau ga amsa tana tafiya da ƙafafun roba. Kasuwa ta dare gida biyu. Masu tumatir suka bar kwanduna, masu awo suka miƙe tsaye da mudu a hannu.

Zayyad yana bin gefe a ƙasa, gumi ya jiƙa masa riga. Ba yayansa yake kallo ba, fuskoki yake bi, yana neman baƙuwar fuska. To amma ranar kasuwa ce, duk fuskokin baƙi ne. Ga mai rawani, ga mai hular sanyi, ga wasu zaune a kan babura suna shan rake, ga wani ya ɗaga waya yana ɗauka. Kowanne zai iya zama shi, kowanne kuma zai iya zama bawan Allah da ya zo sayen manja.

Da aka sauke rake aka yi ciniki, Yahuza ya nufi kara, kasuwar shanu, makaɗa na biye. Ya zaɓi bijimai biyu, farare, manyan da suka fi kowanne a wurin, bai taya ba, ya biya a gaban jama'a. Abin da ya rage a aljihu ya riƙa zarowa yana liƙa wa Iliyasu a goshi, yana miƙa wa 'yan amshi, yana ba duk wanda ya miƙo hannu. Zayyad ya san cewa abin da ake gani ɗin nan shi ne duka, shanu da fadama da guzurin shekara, ba saura ko na gishiri. Amma mai kallo daga nesa ba zai ce haka ba. Zai ce wanda ya watsar da wannan a yini ɗaya, Allah kaɗai ya san abin da ya bari a gida.

'Yan Gazara da suka yi masa dariya su ne a gaba wajen kai gaisuwa. Yahuza yana amsawa da hannu ɗaya, fuskarsa ta komo yadda take, har ta fi. A gaskiya Zayyad bai taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na wannan yini ba.

Bayan la'asar aka fara watsewa. Yahuza ya ba wani mai korar shanu bijiman ya yi gaba da su a ƙasa, ya ce ya bi ta tsakiyar gari in ya isa. Ya tsaya ya sallami makaɗa, ya ta da babur. Zayyad ya riƙe kan babur ɗin.

"Ka kwana a nan, Yaya. Ko ka bari mu tafi cikin ayari. Ko ka ɗauke ni, mu tafi tare."

"Sakar mini, kada ka ɓata mini riga."

Ya saki. Kafin ya kutsa cikin cunkoso ya kai inda ya ajiye nasa babur ɗin, ya ta da shi, ya fita daga bakin kasuwa, Yahuza ya yi nisa. Ya bi hanyar Gazara da gudun da bai saba ba. Ya wuce masu kekuna, ya wuce mata ɗauke da ƙwarya, ya wuce mai korar bijiman yana tafe a hankali. Daga nan hanya ta zama ba kowa, ta gangara cikin fadama inda raken mutane ya yi tsawo dama da hagu har ya fi mahayi.

A nan ya ga babur ɗin, kwance a gefen hanya, fetur yana ɗiga. Ba jini, ba alamar kokawa. Rake ya ɗan kwanta a wuri ɗaya, inda aka shiga. Ya tsaya ya kira, "Yaya," sau ɗaya, ba da ƙarfi ba, ganye kawai ke motsi.

Yana nan tsaye wayarsa ta yi ƙara. Lambar Yahuza ce.

"Kai ne ƙanen, malamin makaranta?" Muryar a natse take, kamar ta mai tambayar hanya.

"Ni ne. Don Allah ku saurare ni. Ba shi da kome. Abin da kuka ji a waƙa ba gaskiya ba ne, salo ne na makaɗa, kambamawa ake ce masa, a faɗi abu fiye da yadda yake. Ni nake koyar da shi, ni na naɗi waƙar."

Mutumin ya yi 'yar dariya. "Malam, mu ma mun san makaɗa. Shi ya sa muka tsaya bincike. Da muka ji ta biyun, ta gado, har mun cire shi a lissafi, muka ce wahalar banza ce. Yau sayayya kawai ta kawo mu kasuwa."



"Gani ya kori ji," in ji muryar. "Je ka fara tattaro shanun da kuka ɓoye. Za mu kira."

Aka kashe. Zayyad ya zauna a ƙasa kusa da babur ɗin, wayar a hannunsa. Can sai ga mai korar shanu ya gangaro da bijiman, suna tafe suna kaɗa wutsiya. Ya dubi babur, ya dubi Zayyad, ya tambaya ko ya wuce da su ta tsakiyar gari kamar yadda mai su ya ce.